Ja da Baya ga Rago Ba Tsoro Ba Ne: Haɗarin Sauka a Wajen Koyon Tuƙin Jirgin Sama



Sa'ad da aka nemi mu yi magana a kan jirgin sama, mun san abin da yawancin jama'a za su so ji, watau labarin manyan jiragen nan masu kwasar ɗaruruwan fasinjoji zuwa Jidda ko Landan. To, sai ku yi mana gafara, domin yau ba can muka nufa ba. Maganarmu a kan ƙaramin jirgi ce, mai inji ɗaya da kujeru biyu ko huɗu, irin wanda ake koya wa ɗalibi tuƙi da shi. A cikin tafiyarsa ma ba za mu duba komai ba sai minti biyu ko uku na ƙarshe, lokacin da yake neman komawa ƙasa. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Samaru a Zariya ya ga irin waɗannan jirage suna kewaya sararin Palladan, su sauko kamar za su zauna, su sake tashi, tun da sassafe har rana ta take. Mai wucewa yakan ɗauka wasa ake yi, ko kuwa ɓarnar mai. Alhali kuwa abin da yake gani shi ne darasi mafi wuya a cikin wannan sana'a.

Abu guda muke so mu tabbatar muku a yau. Yawancin haɗarin da ɗalibi ke yi wajen sauka, jirgin lafiyarsa lau, injin kuma yana aiki. Abin da ke kawo shi shi ne naci, watau dagewa a kan lalle sai an sauka bayan alamu sun riga sun nuna saukar ta ɓaci. Maganin yana nan a hannun ɗalibin, an koya masa, amma kunya takan hana shi amfani da shi.

Matsalar ta daɗe

A ranar 17 ga Disamba, 1903, 'yan'uwan nan biyu, Orville da Wilbur Wright, suka tashi jirginsu sau huɗu a kusa da Kitty Hawk a ƙasar Amurka. Tashin farko sakan 12 ya yi, ya ci ƙafa 120. Na huɗu, wanda Wilbur ya tuƙa, ya yi sakan 59, ya ci ƙafa 852, sa'an nan jirgin ya shiga sunkuyawa yana ɗagowa har ya daki ƙasa, katakon da ke gabansa ya karye. Ashe ke nan, ranar da aka haifi jirgin sama, ranar aka haifi haɗarin sauka, kuma a hannun masu koyo, tun da su biyun ba su da wani malami sai kansu. Bahaushe ya ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Matuƙi yana iya ƙin tashi in bai yarda da yanayi ba, amma da zarar ya tashi, sauka ta zama tilas.

A nan ƙasarmu an kafa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya a 1964, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar kula da jiragen sama ta duniya, watau ICAO. Daga nan ne Kyaftin Chinyere Kalu ta fito, mace ta farko a Nijeriya da ta zama matuƙiyar jiragen kasuwanci, wadda aka naɗa ta shugabar kwalejin a 2011. A bisa ƙa'idar ICAO, kafin a ba mutum lasin na farko sai ya yi awa 40 a sama, ko 35 a makarantar da aka amince da tsarinta, kuma 10 daga ciki shi kaɗai ne a jirgin, ba malami a gefensa. Babban rabo na awoyin farko a kewaye yake tafiya: a tashi, a hau ƙafa 1,000, a juya, a bi gefen titin jirgi ana komawa baya, a sake juyawa sau biyu har a fuskanci titin, a sauka, a kuma tashi. Kowane zagaye kamar minti shida yake ci. Saboda haka a awa ɗaya ɗalibi yakan sauka fiye da yadda matuƙin jirgin doguwar tafiya ke sauka a mako guda, ga shi kuwa shi ne mafi ƙarancin ƙwarewa.

Rahotannin shekara-shekara na haɗarin ƙananan jirage a Amurka, inda suka fi yawa a duniya, abu ɗaya suke nunawa kullum: sauka ce ta fi kowane ɓangare na tafiya yawan haɗari, amma kaɗan ne daga cikin irin wannan haɗari ke cin rai. Galibi tayar gaba ce za ta karye, ko farfela ta lanƙwashe, ko fiffike ya karci ƙasa, ɗalibi ya fito da ƙafafunsa. Kada wannan ya sa mu raina abin. Jirgi ɗaya da ya kwanta a makaranta mai jirage kaɗan yana nufin ɗalibai da yawa su zauna suna jira wata da watanni, kayan gyara kuwa daga ƙasashen waje ake sayo su. Akwai kuma nau'i ɗaya wanda ba ya barin kowa, za mu zo kansa.

Yadda ake sauka

Bari mu ɗauki Cessna 172 misali, jirgin da aka fara sayarwa a 1956, wanda kuma an ƙera fiye da 44,000, babu wani jirgi da ya kai shi yawa. Fiffiken jirgi yana ɗauke da nauyinsa ne muddin iska na bi ta kansa da gudun da ya isa. In gudun ya ragu, sai matuƙi ya ƙara ɗaga hancin jirgin don fiffike ya ƙara tarar iska. Amma ɗagawar tana da iyaka, in aka wuce ta iskar za ta watse daga bayan fiffike, ya kasa ɗaukar nauyi, jirgin ya sulmiyo. Wannan shi muke kira kasawar fiffike. A wannan jirgi, in an sauke leɓen fiffike, watau faifan nan na gefen baya da ake lanƙwasawa ƙasa lokacin sauka, kasawar tana faruwa a wajen kilomita 90 a awa. Don haka ake tunkarar titi da gudun kilomita 110 zuwa 130, don a bar tazara.

Da an iso bakin titi, sai a rage totur gaba ɗaya, a daidaita jirgin 'yan ƙafafu kaɗan daga ƙasa, a riƙa jan sitiyari a hankali ana hana shi zama, har gudun ya ƙare, tayoyin baya guda biyu su taɓa ƙasa, ta gaba ta biyo baya. Duka abin bai fi sakan goma ba. Babu agogon da zai gaya wa ɗalibi ga lokacin ja, ga kuma yawan jan. Ido ne da hannu, su kuwa sai da maimaitawa suke koyo. In komai ya tafi daidai, a fili mai daidai da teku, jirgin zai tsaya a cikin mita 175 ko kusa da haka daga inda ya taɓa ƙasa.

Hanyoyi huɗu na ɓacin sauka

Ta farko ita ce yawan gudu. Ɗalibi ya ji labarin kasawar fiffike, tsoro ya kama shi, sai ya ƙara gudu yana ganin ya yi dabara. To, a kusa da ƙasa, a tazarar da ba ta kai faɗin fukafukan jirgin ba, watau mita 11, jan da iska ke yi wa jirgi baya yakan ragu, sai ya yi ta shawagi ya ƙi zama, titi kuwa yana ƙarewa a ƙarƙashinsa. Masu lissafi a cikinku sun san ƙarfin abu mai motsi yana tafiya ne da gudunsa sau gudunsa. Ƙarin kashi 10 cikin 100 a gudu yana ƙara kashi 21 cikin 100 a nisan tsayawa. In kuma iska daga baya take turo jirgin, littafin wannan jirgi ya ce a ƙara kashi 10 cikin 100 a kan kowane kilomita 4 na gudun iskar. Ƙarshen abin shi ne a taka birki da ƙarfi, taya ta fashe, ko a wuce ƙarshen titi a shiga ciyawa.

Ta biyu 'yar ta farko ce. Ɗalibi ya ga jirgi ya ƙi zama, sai ya tura sitiyari gaba don ya tilasta masa. Tayar gaba ta riga na baya taɓa ƙasa, jirgin ya yi tsalle. Ya sake turawa, jirgin ya sake dukan ƙasa da hanci, ya yi tsallen da ya fi na farko. Kowane gyara da ɗalibin zai yi yana zuwa ne a makare, maimakon ya kashe tsallen sai ya ƙara shi. Tayar gaba ba a yi ta don ɗaukar nauyin jirgi ba, a tsalle na uku ko na huɗu takan karye, farfela ta sari kwalta.

Ta uku ita ce iskar gefe. Jirgin da ke sama yana tafiya tare da iskar da yake ciki, kamar kwalekwale a kan kogi. In iskar tana ratsa titi ne daga gefe, za ta riƙa janye shi daga tsakiya. Dabarar ita ce a karkatar da fiffike ɗaya wajen da iskar ke fitowa, a kuma taka feda don hanci ya miƙe da titi, a sauka a kan taya ɗaya tukuna. Hannu na yin wani abu, ƙafa na yin kishiyarsa, wannan kuwa ya saɓa wa abin da jiki ya saba. Masu ƙera Cessna 172 sun gwada shi a iskar gefe mai gudun kilomita 28 a awa, amma a hannun gwani. Iyakar ɗalibi ba ta kai haka ba. Da yawa kuma sukan saki jiki da zarar tayoyi sun taɓa ƙasa, suna zaton aiki ya ƙare, sai iska ta ɗaga fiffike ɗaya, jirgin ya baro titi.

Ta huɗu ita ce mai kisa. A juyi na ƙarshe kafin a fuskanci titi, jirgi yana ƙasa-ƙasa, ƙafa 400 ko 500 kawai, gudunsa kuma ya ragu. In ɗalibi ya makara wajen juyawa, ko iska ta tura shi, sai ya ga ya wuce saitin titi. Maimakon ya haƙura, sai ya ƙara karkata jirgin, ya taka feda don ya jawo hanci da ƙarfi, ya kuma ja sitiyari. Abin da ya manta shi ne, jirgin da ya karkata yana bukatar gudun da ya fi na wanda ke tafiya sosai. In ana riƙe da tsayi, a karkata ta digiri 45 gudun kasawar fiffike yana ƙaruwa da kashi 19 cikin 100, a digiri 60 kuwa da kashi 41. Kilomita 90 ɗin nan ta zama kusan 127 ke nan, ta cim ma gudun da jirgin ke yi. Fiffike ɗaya ya riga ɗaya kasawa, jirgin ya kife ya fara katantanwa, babu kuma tsayin da zai isa a ceto shi.

Rabon yanayinmu

Littattafan da muke koyarwa da su an rubuta su ne a ƙasashen sanyi, alƙalumansu kuma a kan zafin digiri 15 a bakin teku aka gina su. Filin jirgin Zariya yana kan tudu mai tsayin kimanin ƙafa 2,200. A ranar bazara mai zafin digiri 38, iska takan yi sakayau har jirgi ya ji kamar yana kan tudun da ya haura ƙafa 5,000. Agogon gudu zai nuna wa ɗalibi lambar da ya saba gani, amma a zahiri yana gudu fiye da haka da kusan kashi 8 cikin 100, nisan tsayawarsa kuma ya ƙaru da fiye da kashi 15. Injin ma ƙarfinsa yana raguwa da kimanin kashi 3 cikin 100 a kowace ƙafa 1,000. Ga kuma zafin da ke tasowa daga ƙasa da tsakar rana yana jijjiga ƙaramin jirgi. Abin da ya sa ke nan malami mai hankali yake sallamar ɗalibi shi kaɗai da sanyin safiya.

Da hunturu kuwa hazo ne abokin gaba. Mai koyo yana auna zaman jirginsa ne da layin nan inda sama ta haɗu da ƙasa, hazo kuwa shi yake fara shafewa. Da farkon damina da ƙarshenta, iskar da ke gaban hadarin ruwa tana iya juyawa cikin 'yan mintoci, wanda ya tashi yana fuskantar iska ya dawo tana bayansa. Sa'an nan ga shirwa da ungulu, ga awaki da shanu a filayen da shingensu ya lalace. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ɗalibi ke da iko a kansa. Abin da yake da iko a kai shi ne shawarar da zai yanke in ya gan su.

Fasa sauka

Duk waɗannan hanyoyi huɗu, da abin da yanayi ke ƙarawa, maganinsu ɗaya ne, watau fasa sauka. A tura totur gaba ɗaya, a riƙe hancin jirgi kada ya ɗaga fiye da kima, a taka fedar dama don injin yakan ja jirgin hagu, a ɗage leɓen fiffike kaɗan-kaɗan, ba a lokaci guda ba, a hau sama, sa'an nan a gaya wa hasumiya. Ba a neman izinin kowa kafin a yi. Shi ma darasi ne, sai an maimaita shi har ya zama jiki, domin wanda ya yi shi a ruɗe, ko ya jira sai titi ya kusa ƙarewa, ya sayi wani haɗarin ne. Don haka makarantu da yawa suke kafa wa ɗalibi sharaɗi tun yana ƙasa: in ka sauko ƙafa 300 gudunka bai daidaita ba, ko ba ka saitin titi, fasa, in ba ka taɓa ƙasa a kashi ɗaya cikin uku na farkon titi ba, fasa, in ka yi tsalle babba, fasa.

Nawa ne kuɗin wannan magani? Minti shida, da man da bai wuce lita huɗu ba. Nawa ne kuɗin ƙin shan sa? Farfelar da ta daki ƙasa, ko da ba ta karye ba, ƙa'idar masu ƙera inji ita ce a kwance injin a duba cikinsa. Ciniki ne wanda ko yaro ya san inda riba take. Amma duk da haka mutane ba sa yi. Wani bincike da ƙungiyar Flight Safety Foundation ta fitar a 2017 a kan manyan jiragen fasinja ya nuna cewa a cikin saukar da aka tunkara ba bisa ƙa'ida ba, kashi 3 kawai cikin 100 aka fasa. Sauran duk an ci gaba. In ƙwararru masu dubban awoyi haka suke, ina ga ɗalibi mai awa goma sha biyar?

Bari mu ba ku labarin abin da ya faru a gabanmu. Shekarun baya, a wani ƙaramin fili a ƙasar waje inda muka yi aikin koyarwa, muna tsaye a bakin titi muna kallon ɗalibinmu a tashinsa na biyu shi kaɗai. Iyayensa da ƙannensa sun zo kallo. Tun daga nesa muka ga ya taho a sama-sama, da gudu. Ya yi shawagi har rabin titi, ya tura hanci, ya yi tsalle sau uku, tayar gaba ta karye, jirgin ya tsaya a kan hancinsa. Ya fito ko ƙwarzane babu. Da hankalinsa ya dawo muka tambaye shi abin da ya hana shi fasawa. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Malam, ai kowa na kallona.” Can kuma ya ƙara da cewa, “Ran nan ma da na fasa ka yi mini faɗa.” Gaskiya ya faɗa. Mako guda kafin nan ya fasa saukar da muke ganin da ya iya gyarawa, muka yi masa tsaki, muka ce yana ɓata mana lokaci. Tsakin nan namu shi ya karya jirgin. Tun daga ranar, duk ɗalibin da ya fasa sauka, ko da dalili ko babu, abin da muke fara ce masa shi ne madalla. In akwai gyara, sai mun dawo ƙasa.

Nauyin da ke kan malami

Wannan ya kawo mu ga rabon malami. Aikinsa yana da wuyar sha'ani: in ya karɓe sitiyari da wuri, ɗalibi ba zai koyi gyara kuskurensa ba, in ya makara da sakan biyu, su biyun ne za su daki ƙasa. Akwai kuma haɗarin da ke faruwa domin kowannensu yana zaton ɗayan ne ke tuƙi, ko su biyun suna ja a lokaci guda. Shi ya sa aka kafa ƙa'idar miƙa tuƙi da baki: wannan ya ce “tuƙi na hannunka,” wancan ya amsa “tuƙi na hannuna,” na farkon ya sake tabbatarwa. A ƙasashe da yawa kuma malamin shi kansa matashi ne, yana tara awoyi ne don ya sami aiki a kamfanin manyan jirage, da ya fara ƙwarewa sai ya tafi. Makarantar da ba ta iya riƙe tsofaffin malamanta, a bakin titi za ta biya kuɗin da ta ƙi biyansu.

Ku duba abin da haƙuri ke iya yi. A ƙarshen watan Agusta, 2019, a filin Jandakot da ke birnin Perth a Ostareliya, wani malami ya suma a cikin Cessna 152, ya bar ɗalibin da bai taɓa saukar da jirgi da kansa ba. Ma'aikacin hasumiya ya riƙa yi masa magana a natse, bai matsa masa ya sauka nan take ba. Aka bar shi ya kewaya, ya tunkari titi ya wuce, ya ga yadda abin yake, ya sake dawowa, sai da ya shirya sa'an nan ya sauka lafiya, malamin ma ya rayu. Wannan ɗalibi bai fi sauran gwaninta ba. Abin da ya samu shi ne babu wanda ya sa masa gaggawa, babu kuma wanda yake jin kunyarsa.

Ɓoye kuskure

Kunya tana da wata ɓarna bayan an sauka. Ɗalibi ya buga jirgi da ƙasa, ba wanda ya gani, daga waje kuma babu alama. In ya faɗa, yana tsoron a rubuta a fayil ɗinsa. Sai ya ajiye makulli ya yi shiru. Amma ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba yana iya lanƙwashewa daga ciki, wanda zai tashi da jirgin gobe kuwa abokin karatunsa ne, bai san komai ba.

Masu harkar jiragen sama sun daɗe da gane cewa horo mai tsanani ba ya rage kuskure, ɓoye shi kawai yake sa a yi. Rataye na 13 na Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ya kafa cewa manufar binciken haɗari ita ce hana sake aukuwarsa, ba neman wanda za a ɗora wa laifi ba. A kan wannan ƙa'ida hukumar binciken haɗurra ta ƙasarmu take aiki, watau NSIB, wadda ta gaji AIB a 2022. A Amurka kuwa tun 1976 hukumar NASA take karɓar rahoton kuskure daga bakin matuƙa, ta cire sunan mai rahoton, ta yaɗa darasin, kuma rahotannin sun haura miliyan ɗaya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. To, amma sai ɗan'uwan ya yarda an ga gemun nasa. Wannan ba ya nufin a ƙyale mai ganganci. Wanda ya karya doka da gangan daban, wanda ya yi kuskure ya kuma faɗa daban.

Kammalawa

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, kaɗan ne daga cikinku za su tuƙa jirgi, amma da yawanku za su zauna a kujerun da ake yanke shawara a kan masu tuƙawa. Wani zai zama jami'in kuɗi, a kawo masa takardar gyaran shingen filin jirgi, ko sayen ƙyallen nan da ake ratayawa a kan sanda don nuna inda iska ta dosa, ya ga kamar ƙaramin abu ne da zai iya jira. Wani zai zauna a kwamitin da jiharsa ta kafa don tura yara koyon tuƙi, ya ga ɗalibi ya ƙara awoyi a kan abin da aka ƙiyasta, ya ce a tsayar da kuɗinsa. Wata za ta zama uwa, ɗanta ya dawo ya ce yau sau biyu ya fasa sauka. Muna roƙonku, a irin wannan rana ku tuna cewa ɗalibin da aka tsorata da lissafin awoyi shi ne zai dage ya sauka a inda bai kamata ba.

Ku da kanku ma, a ofis, za ku tarar da aikin da aka faro a karkace, kowa ya gani, amma babu mai son ya zama shi ne ya ce a tsaya a sake, domin manya na kallo. Matuƙin da ya daɗe a wannan sana'a ba wanda bai taɓa ɓata sauka ba ne, babu irin wannan matuƙi. Shi ne wanda ya ga ta ɓaci, ya tura totur, ya sake kewayowa, bai damu da masu kallo ba. Iyayenmu sun riga mu faɗa, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Ranka ya daɗe Shugaban taro, a nan za mu dakata, don mu bar lokaci ga masu tambaya.